Zuwa Ga Edita: A Filin Wasa Muka Koyi Son Sai Masu Gida

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu domin in yi magana a kan wani al'amari da wasu za su ɗauka wasa ne kawai, alhali a wurina da wurin dubban mutanen Kano ya daɗe da zama wani ɓangare na rayuwa. Maganar ita ce ta ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Kano Pillars, da yadda ƙaunarta ta shiga zukatanmu tun muna yara, da kuma fargabar da nake da ita cewa 'ya'yanmu ba za su gaji wannan ƙauna ba muddin muka ci gaba da tafiya a kan turbar da muke kai yanzu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata 'yar hira da muka yi da ɗana mai shekara goma a wani dare bayan sallar isha'i. Na same shi da abokansa a ƙofar gida suna musu a kan Real Madrid da Barcelona, kowannensu yana jero sunayen 'yan wasa tun daga mai tsaron gida har zuwa 'yan gaba, ba tare da ya yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Da suka watse sai na kira shi na ce ya faɗa mini sunayen 'yan wasan Pillars guda uku. Ya yi shiru yana kallon ƙasa, can ya ce, "Baba, Ahmed Musa." Daga nan bai iya ƙara ko ɗaya ba, shi ma Ahmed Musan a rigar Super Eagles ya san shi. Ban yi masa faɗa ba, domin ban ga laifinsa ba. Yaron da aka haifa a cikin birnin Kano, wanda tsakanin gidansu da filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata bai fi a hau adaidaita sahu sau ɗaya ba, bai taɓa sa ƙafarsa a filin ba, kuma ni mahaifinsa ni ne ban kai shi ba. A daren nan na daɗe ban yi barci ba, ina tuna mutumin da ya riƙe hannuna ya kai ni a lokacin da nake daidai shekarunsa.

Kawuna ne, ƙanen mahaifiyata, Allah Ya jiƙansa da rahama. Tela ne, kuma tun yana saurayi yake bin Raccah Rovers, ƙungiyar Kano da ta ci gasar ƙasa a 1978, wadda har ya koma ga Mahaliccinsa bai daina ba da labarinta ba. Da aka kafa Kano Pillars a 1990, bayan an haɗe ƙungiyoyin WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North wuri guda, sai ya mayar da zuciyarsa kanta gaba ɗaya, yana cewa duk ƙungiyar da ta ɗauki sunan garin nan tasa ce, ko ta ci ko an ci ta. A shagonsa akwai wata ƙaramar rediyo da ya ɗaure wa murfin batir da kyauron roba, kuma ranar wasa ba ya karɓar ɗinkin gaggawa ko na wane ne.

A 1993 ne, wata ranar Asabar da rana, ya shigo gidanmu ya jingine kekensa a zaure, ya durƙusa ya gaida mahaifiyata, sannan ya ce, "Yaya, ki ba ni aron yaron nan ya raka ni unguwa." Ta san unguwar da yake nufi, domin duk dangi sun san inda yake zuwa ranar wasa. Ta yi jim, sannan ta ce, "Ka riƙe mini hannunsa, kada ka sake shi ko da minti ɗaya, kuma ku dawo kafin magariba." Ya ce, "In Allah Ya yarda, Yaya." Ya ɗora ni a kan sandar keke, muka fita ta Ƙofar Mazugal, muka ratsa Fagge, muka nufi filin wasa na Sabon Gari. Tun kafin mu isa nake jin amon ganguna, kuma yayin da muke matsowa sai na ga hanya ta cika da mutane duk sun fuskanci wuri guda, wasu a ƙafa, wasu a kekuna, wasu sun cika motocin hayis har da masu maƙalewa a ƙofa. Ban taɓa ganin taro irin wannan ba sai a ranar hawan salla.

Abu na farko da muka yi, wanda har yau nake ba mutane labarinsa, shi ne salla. Kawu ya ba wani mai gadin kekuna ajiyar kekensa, ya ari buta a wurin wani mai sayar da rake, muka yi alwala a gefen katanga, muka bi sahun wasu mutane da suka shimfiɗa tabarma da kwalaye suka ta da la'asar. Bayan an sallame ya saya mini rake gaɓa biyu da ƙullin gyaɗa, ya sayi tikitinsa, ya sa ni a gabansa ya dafa kafaɗuna da hannu biyu, muka bi layi. A bakin ƙofa mai karɓar tikiti ya dube ni ya dubi Kawu ya ce, "Naka ne?" Kawu ya ce, "Ɗan yayata ne, yau ne farkon zuwansa." Mutumin ya shafa kaina ya ce, "To shiga, Allah Ya sa ka zo mana da sa'a."

Malam Edita, na ga filayen wasa da dama bayan wannan rana, na ga waɗanda suka fi na Sabon Gari girma da kyau nesa ba kusa ba, amma babu wanda ya taɓa cika mini ido kamar yadda wannan ya yi a lokacin da muka fito daga ƙarƙashin rumfa na hango fili shimfiɗe a gabana, da fararen layuka, da raga biyu suna kaɗawa a iska. Da 'yan wasanmu suka fito cikin riguna ruwan ɗorawa, sai wuri ya ɗauki sowa gaba ɗaya, wani ya ɗaga murya daga can sama ya ce, "Pillars!" jama'a suka amsa da murya ɗaya, "Sai masu gida!" Na ji sautin a cikin ƙirjina kafin in ji shi a kunnena. Kawu ya sunkuyo ya ce, "Kai ma ka faɗa, ai da kai ake." Na faɗa, da 'yar muryata da ni kaina ban ji ta ba a cikin wannan hayaniya, kuma ina ganin daga wannan lokaci ne na zama abin da nake har yau.

Ba na fahimtar dokokin wasa sosai a lokacin. Kawu ne yake yi mini bayani, rediyonsa a manne da kunne ɗaya duk da cewa abin da mai sharhi yake faɗa a gaban idonsa yake faruwa. Shi ya nuna mini dalilin da ya sa mataimakin alƙalin wasa yake ɗaga tuta idan ɗan gaba ya yi satar fage, ya kuma ce in daina bin ƙwallo kaɗai da ido, in riƙa duban waɗanda ba ta ƙafarsu, domin a can ake shirya ci. Aka tafi hutun rabin lokaci babu ci. Aka dawo, rana ta yi sanyi, baƙi suka tare a gidansu suka ƙi fitowa, mutane suka fara duban agogo suna tsaki. Ana saura kaɗan a tashi muka sami bugun kusurwa daga ɓangaren da muke zaune. Na ga ƙwallon ta taso ta lanƙwasa, na ga kawuna sun tashi sama, sai kawai na ga raga ta motsa. Abin da ya biyo baya ban gan shi da kyau ba, domin wani ƙaton mutum da ban taɓa gani ba, wanda tun farkon wasa bai ce mana uffan ba, ya sure ni ya ɗora a wuyansa yana tsalle yana kabbara, rakena ya faɗi, silifa ta ƙafar hagu ta fice ta ɓace a cikin ƙafafun jama'a. Kawu yana riƙe da gefen rigata da hannu ɗaya, saboda alƙawarin da ya yi wa yayarsa, ɗaya hannun kuma yana ɗaga rediyo sama, hawaye na bin kumatunsa. Aka tashi ɗaya da nema.

Mun iso gida ana kiran magariba, ƙafata ɗaya babu takalmi, muryata ta dushe. Mahaifiyata ta dube ni ta dubi ƙanenta ta ce, "Shi ke nan, ka shafa masa." Washegari Kawu ya aiko mini da sabuwar silifa, bayan mako biyu kuma ya ɗinka mini riga ruwan ɗorawa mai koren wuya da ragowar yadin da ke shagonsa. Na sa rigar nan har ta ƙi shiga, sannan aka ba ƙanena.

Na kawo wannan labari da tsawonsa ne domin in nuna cewa ba kofi ne ya jawo mu ba. A shekarun da na fara zuwa kallo Pillars ba ta da kofin gasar ƙasa ko ɗaya, kuma sai da muka jira har 2008 kafin mu ga na farko, a ƙarƙashin koci Kadiri Ikhana. Shekara goma sha biyar ke nan ina bin ƙungiyar da ba ta taɓa zama zakara ba, ban kuma taɓa jin cewa na yi asarar lokacina ba. Abin da ya riƙe ni shi ne mutanen da nake zama da su a benci ɗaya, da dattijon da yake ajiye mini wuri idan na makara, da hirar Litinin a shago da kasuwa, da sanin cewa waɗannan 'yan wasa a garin nan suke kwana, ana haɗuwa da su a masallaci da wurin mai shayi, kuma idan sun yi sakaci akwai wanda zai tare su a hanya ya gaya musu cikin mutunci.

Da alheri ya zo kuwa, ya zo da yawa. A 2009, shekarar da muka fara shiga gasar zakarun nahiyar Afirka, aka haɗa mu da Al Ahly ta Masar, wadda ita ce mai riƙe da kofin a lokacin, kuma babu ƙungiyar da ta kai ta cin sa a duk nahiyar. Aka yi kunnen doki ɗaya da ɗaya a wasanmu na gida, mutane da yawa suka ce tafiya ta ƙare, sai yaran nan suka je Alƙahira suka yi biyu da biyu, muka fitar da su da ƙwallayen da muka ci a waje. Wanda bai kwana a Kano a daren nan ba, da wuya ya gane abin da nake nufi idan na ce gari bai yi barci ba. Muka wuce rukunin da ya haɗa mu da Al Hilal da Al Merreikh na Sudan da Zesco United ta Zambiya, muka kai wasan kusa da na ƙarshe, inda 'yan'uwanmu na gida, Heartland ta Owerri, suka tare mu. A kakar da ta biyo baya wani siririn yaro mai gudu kamar barewa, Ahmed Musa, ya ci ƙwallo 18 a gasar ƙasa, kafin ya tafi Turai ya zama wanda duniya ta sani, wanda ya zura wa Ajantina biyu a gasar cin kofin duniya ta 2014, ya kuma zura wa Iceland biyu a ta 2018. Mu a Ƙofar Mata muka fara ganinsa, da idonmu, ba a talabijin ba. Sannan aka zo shekarun 2012 da 2013 da 2014, muka ɗauki kofin gasar ƙasa sau uku a jere, biyu da koci Baba Ganaru, na ukun da Okey Emordi, Rabi'u Ali da ake kira Pele yana juya tsakiyar fili yadda ya ga dama, Gambo Muhammad yana gaba. A tsawon shekara goma sha biyu, daga 2003 har zuwa 2015 da Nasarawa United ta zo ta yi nasara da ci biyu da ɗaya, babu ƙungiyar da ta ci mu a gida a gasar ƙasa, wasa sama da ɗari biyu. Kirarin Sai Masu Gida ba a baki kawai ya tsaya ba.

Amma ni a ganina ba a ranar daɗi ake gane masoyi ba. A watan Maris na 2015 'yan fashi suka buɗe wa motar 'yan wasanmu wuta a kan hanyarsu ta zuwa Owerri domin wasan farko na kaka, suka raunata biyar daga cikinsu, har da Gambo Muhammad. Na tuna yadda aka yi ta addu'a a masallatan unguwanni, har da bakin mutanen da ba su taɓa shiga filin wasa ba. A watan Fabrairu na 2018 muka rasa Chinedu Udoji, ɗan wasan bayanmu, a hatsarin mota a cikin Kano, sa'o'i kaɗan bayan ya buga wasa da tsohuwar ƙungiyarsa Enyimba. Ba Bahaushe ba ne, ba a Kano aka haife shi ba, amma na ga dattawa masu furfura suna share hawaye saboda shi, domin ya sa rigarmu ya kuma kare ta da gaskiya. Wannan ma wani abu ne da filin wasa ya koya mini tun ina ƙarami ba tare da an zaunar da ni an yi mini wa'azi ba, cewa wanda ya yi wa garinka aiki da zuciya ɗaya naka ne, ko daga ina ya fito, ko wane suna yake amsawa.

A cikin wannan shekara ta 2018 ne kuma muka sha ɗacin da ban taɓa shan irinsa ba a harkar ƙwallo. A wasan ƙarshe na kofin Aiteo, wato kofin ƙalubale na ƙasa, da aka yi a Asaba, muna gaban Enugu Rangers da ci uku da nema, har an fara shirin biki a unguwanni, sai suka farke duka ukun a cikin kusan mintuna goma sha biyar na ƙarshe, suka kuma doke mu a bugun fanareti. Na kalli wasan a gidan wani maƙwabci, mu kusan ashirin a falo ɗaya, kuma da aka gama babu wanda ya yi wa wani sallama, kowa ya nemi takalminsa ya fita. Duk da haka, da kaka ta gaba ta zo, mutanen nan ashirin duk na gan su a Ƙofar Mata. Allah da ikonSa, a watan Yuli na 2019 muka sake kaiwa wasan ƙarshe, a filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna, aka tashi babu ci tsakaninmu da Niger Tornadoes, muka ɗauki kofin da bugun fanareti, karo na farko a tarihin ƙungiyar, koci Ibrahim Musa yana jagoranci. Ina cikin waɗanda suka bi mota zuwa Kaduna a ranar. Da aka buga na ƙarshe mutane suka ruga suna murna, ni kuwa sai na sami kaina a zaune ina yi wa Kawu addu'a, domin ya daɗe yana cewa wannan kofi ne kaɗai ya rage masa ya gani, kuma Allah bai nufa ya gan shi ba.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna, wanda kuma shi ne amsar tambayar da na yi wa kaina a daren da ɗana ya kasa kawo sunaye uku. Me ya hana ni kai shi? Gaskiyar magana ita ce tsoro. A watan Afrilu na 2022, bayan ƙungiyar ta daɗe tana buga wasanninta na gida a Kaduna, aka dawo Kano domin wasa da Katsina United, sai wasu 'yan tsiraru suka ta da hargitsi, aka lalata motar baƙi, hukumar gasar ta rage mana maki uku ta kuma mayar da wasanninmu Abuja. A ƙarshen wannan kaka Pillars ta faɗa rukuni na biyu. Ba na cewa hargitsin ne kaɗai ya jawo faɗuwar, amma duk mai gaskiya ya san cewa ƙungiyar da ƙarfinta yake a gida, idan aka raba ta da gida an karya mata ƙafa, kuma da hannunmu muka ba da sandar. Wanda ya jefi alƙalin wasa da dutse ko ya fasa gilashin motar baƙi yana cewa kishin Pillars ne ya sa shi, ni ban yarda da shi ba, domin kishin da yake jawo a rufe fili, a kori 'yan wasa daga garinsu, a hana mai rake da mai gurasa da mai ruwan sanyi cinikin da suke ci da iyalinsu, ba kishi ba ne. Mutanen Katsina maƙwabtanmu ne, da yawa cikinmu a can muke da dangi da surukai, kuma Bakano da aka sani da karɓar baƙo a kasuwa bai kamata a san shi da jifan baƙo a filin wasa ba. Babbar asarar da irin wannan hali yake jawowa ba maki uku ba ce. Asarar ita ce uwar da za a zo a ce mata a ba da aron yaro, ta tuna abin da ta ji a rediyo, ta ce a'a, kuma babu mai iya cewa ba ta da hujja.

A shekarar da muka yi a rukuni na biyu na ga wani abu da ya ƙara mini ƙarfin zuciya. Waɗanda suka zo saboda kofi sun janye, amma tsofaffin fuskokin nan da na sani tun Sabon Gari suna nan, wasu da sanda, wasu jikoki ne suke riƙo su. Da ƙungiyar ta dawo babbar gasa a 2023, murnarsu ba ta gaza ta 2008 ba. Sai dai na lura da cewa a cikin taron, furfura tana ƙaruwa, yara ƙanana kuwa suna raguwa, waɗanda suke zuwa ma yawancinsu su kaɗai suke zuwa, babu babban da zai dafa kafaɗarsu ya nuna musu yadda ake kallo da yadda ake haƙuri idan an sha kashi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da ya fara koyon kallon ƙwallo a hannun 'yan jifa, jifa zai ɗauka shi ne goyon baya.

Ba na ƙin kallon ƙwallon Turai, ni ma ina kallo, kuma na san gidajen kallo sun zama sana'ar da matasa da yawa suke rufa wa kansu asiri da ita. Abin da nake cewa shi ne akwai bambanci tsakanin ƙungiyar da kake gani ta gilashi da wadda take jin muryarka. Idan ka yi sowa a gidan kallo a Kurna ko Ɗorayi, babu ɗan wasan da zai ƙara gudu a Madrid ko Landan saboda kai. Idan ka yi ta a Ƙofar Mata, yaron da ya gaji a minti na tamanin yana jin ka, kuma na sha ganin yadda take tashinsa. Shi kansa Ahmed Musa, bayan duk inda ya je a duniya, ya dawo ya sa rigar Pillars a 2021, ya sake dawowa a 2024, abin da ya isa ya nuna wa yaranmu cewa gida ba wurin da ake raina wa ba ne.

Saboda haka ina kira ga masu tafiyar da ƙungiyar da masu kula da filin wasa da su keɓe wani ɓangare na musamman domin iyaye da 'ya'yansu, mai ƙofar shiga daban wadda babu turereniya, da jami'an tsaro da aka horar su yi mu'amala da yara, da ruwan sha da wurin alwala da makewayi mai tsabta, a kuma sauƙaƙa kuɗin shiga ga yaron da ya zo tare da babba. A riƙa gayyatar makarantun firamare da na Islamiyya bi da bi, aji guda a kowane wasan gida tare da malamansu. Filin Sani Abacha da ya karɓi gasar matasa ta duniya a 1999, da gasar cin kofin nahiyar Afirka a 2000, da gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta duniya a 2009, ba zai gaza karɓar yaran unguwannin da suke kewaye da shi ba. Ƙungiyar magoya baya kuma, wadda ta fi kowa sanin masu ta da fitina da sunayensu da unguwanninsu, ita ce ta fi cancanta ta tsawata musu tun kafin hukuma ta hukunta gari gaba ɗaya saboda su.

Ku ma 'yan jarida akwai naku. Sau da yawa nakan buɗe shafin wasanni in tarar da labarin cinikin 'yan wasan Ingila da Sifaniya ya cinye shafi, sakamakon wasan Pillars ko Katsina United ko El-Kanemi Warriors ko Wikki Tourists kuwa an matse shi a layi uku a can ƙasa, wani lokaci ma babu sunan wanda ya ci ƙwallon. Labarin Turai yaranmu suna samunsa a waya kafin ku buga, amma labarin yaron da ya taso daga ƙungiyar unguwa a Gwagwarwa ko Yakasai ya sami shiga Pillars, idan ba ku kuka rubuta ba babu mai rubutawa. Ku aika wakili fili, ku kawo mana jerin waɗanda suka buga da hotunansu, ku zauna da tsofaffin 'yan wasan Raccah Rovers da na farkon Pillars da suke raye ku ɗauki tarihinsu da Hausa tun suna iya ba da shi da bakinsu.

Ni dai na riga na yanke shawara a kan nawa. Na je kasuwar Kantin Kwari na yanko yadi ruwan ɗorawa da ɗan kore, na kai wa wani tela da ya koyi ɗinki a hannun Kawu, na ce ya ɗinka wa yaron riga irin wadda maigidansa ya ɗinka mini. Na kuma yi magana da mahaifiyarsa, ta yi jim kamar yadda tawa ta yi, sannan ta ce in riƙe mata hannunsa kada in sake shi, mu kuma dawo kafin magariba. In Allah Ya kai mu wasan gida mai zuwa, da wuri za mu fita, mu yi la'asar a bakin fili, in saya masa rake, in sa shi a gabana mu bi layi.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani mai karatu daga ƙaramar hukumar Dala, Kano